Gaiwa da Sauran Kifayen da ke Shaƙar Iska a Tafkunan Birnin Gwari

A tsakiyar watan Maris, lokacin da bazara ta kankama a ƙasar Birnin Gwari, yawancin ƙananan tafkunan da ke fadamun kogin Mariga sun riga sun ƙafe. Wurin da ruwa ke kai wa mutum ƙirji a watan Agusta ya koma busasshiyar laka wadda ta daddare kamar tsohon kasko. Duk wanda ya dubi irin wannan wuri zai ɗauka babu sauran mai rai a cikinsa. Amma masuncin da ya san sana'arsa yakan ajiye koma a gida ya ɗauko fartanya, ya riƙa takawa a hankali yana duban ƙasa, har idonsa ya faɗa kan wata 'yar ƙofa da ba ta fi kan yatsa ba. Nan zai haƙa taƙi ɗaya ko biyu, ya ɗago curin laka, ya fasa shi. A ciki sai ga kifi a naɗe, wutsiya ta lulluɓe kai, da ransa. Wannan ita ce gaiwa, wadda a wasu wurare ake kira maimama saboda siraran gaɓoɓi huɗu da ke reto a jikinta.

Gaiwa ɗaya ce daga cikin kifayen ƙasar nan waɗanda ke iya shaƙar iskar sarari kamar yadda dabbobin tudu ke yi. Wannan baiwa ita ke tsirar da su a ruwan da zai kashe sauran kifaye, kuma ita ce dai ke miƙa su ga hannun masunci cikin sauƙi. Ɗalibin da ya fahimci yadda numfashinsu yake zai gane dalilin yawancin dabarun da ake bi wajen kama su, zai kuma gane ta inda ɓarna ke shigowa.

Dalilin ƙarancin iska a ruwan tafki

Kowane kifi na bukatar iskar oksijin domin sarrafa abincin da ya ci ya zama ƙarfi. Akasarin kifaye na samun ta ne daga wadda ta narke a cikin ruwa. Idan aka ɗaga murfin da ke gefen kan kifi, wanda jama'a ke kira kunne, za a ga wasu jajayen tsokoki a jere masu kama da haƙoran mataji. Su ne matatar numfashi. Kifi yakan zuƙi ruwa ta baki ya fitar da shi ta kan matatar, jinin da ke gudana a cikinta ya tsotse oksijin, ya saki gurɓatacciyar iska.

Matsalar ita ce ruwa marowaci ne wajen oksijin. Kashi 21 cikin 100 na iskar sarari oksijin ne, amma lita guda ta ruwa mai zafin digiri 25 a ma'aunin santigireti ba ta iya riƙe fiye da kimanin miligiram 8. Wato lita guda ta iska ta ninka lita guda ta ruwa fiye da sau 30 wajen yawan oksijin. Haka kuma, gwargwadon ɗumin ruwa, gwargwadon raguwar abin da zai iya riƙewa: ruwan da ke dab da daskarewa na riƙe fiye da miligiram 14, wanda ya kai digiri 35 kuwa da ƙyar yake riƙe 7. Kogin da ke gudu yana bugun duwatsu, kamar yadda ake gani a magangarar Dogon Ruwa cikin dajin Kamuku, kullum cikin gauraya da iska yake. Tafki kuwa a tsaye yake. Ganyayen doka da na maje da ciyayin da ambaliya ta kwantar suna ruɓewa a gindinsa, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da su kuma suna cinye oksijin ɗin da ke akwai. Da rana gansakuka da sauran tsirran ruwa na ƙara wa tafkin oksijin ta hanyar amfani da hasken rana. Da dare kuwa sai su ma su koma cin wanda suka tara. Saboda haka lokacin da ruwan tafki ya fi talauci shi ne gab da fitowar alfijir. Wannan ne ya sa a kwanakin zafi akan wayi gari a ga karfasa sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, wani lokaci ma a tarar da su sun mutu da yawa ba tare da kowa ya zuba musu komai ba.

Ƙasar Birnin Gwari na samun ruwan sama ne na kimanin wata shida, sauran watannin kuma rani ne. Kogin Mariga, wanda ya raba dajin Kamuku da na Kuyambana kafin ya gangara ya haɗu da kogin Kaduna, yakan cika ya malala cikin fadamu da damina, ya bar tafkuna da kududdufai a baya idan ya janye. Kifin da ya maƙale a irin waɗannan wurare yana fuskantar jarrabawa biyu a jere: da farko iska ta ƙare a cikin ruwan, daga baya ruwan kansa ya ƙare.

Kwanan rani na gaiwa

Babu kifin da ya cinye jarrabawar nan biyu kamar gaiwa. Masana na kiranta Protopterus annectens, kuma wani masanin Ingila mai suna Richard Owen ne ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1839, daga wadda aka kai masa daga kogin Gambiya. Masanan wancan zamani sun daɗe suna gardama a kan ko kifi ce ko kuwa dangin kwaɗo ce, domin da suka feɗe ta sun tarar da huhu guda biyu, dogaye, shimfiɗe tare da ƙashin baya, cike da ƙananan ɗakuna kamar saƙar zuma. Kifaye masu huhu irin wannan iri shida ne kacal suka rage a duniya: huɗu a Afirka, ɗaya a Amurka ta Kudu, ɗaya a Ostareliya. Burbushin magabatansu da aka tono a cikin duwatsu an ƙiyasta shekarunsa sun haura miliyan 400.

Matatar numfashin babbar gaiwa ta ƙanƙance ƙwarai, har ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na oksijin da take bukata daga sarari take ɗaukarsa. Dole ne lokaci-lokaci ta taso ta leƙo da baki, ta haɗiyi iska, ta koma. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, idan aka danne gaiwa a ƙarƙashin ruwa aka hana ta tasowa, nutsewa za ta yi ta mutu kamar akuya.

Idan ruwan tafki ya fara ja baya, gaiwa ba ta jira sai ƙasa ta bushe. Tun taɓo na da laushi take kafa kai a cikinsa, tana gatsar laka da baki tana fitar da ita ta kunnuwa, har ta yi rami daidai jikinta. A ƙasan ramin takan lanƙwashe ta juyo da kai sama. Muddin akwai sauran ruwa a bisa, tana ci gaba da tasowa shan iska. Ran da ruwan ya ƙare sai fatarta ta shiga fitar da yauƙi mai yawa, yauƙin ya bushe ya zama wani siririn kube mai ruwan ƙasa wanda ya rufe ta ruf, in ban da wata 'yar kafa da ta shiga bakinta. Ta wannan kafa, da ramin da ta bari a sama, iska ke isa ga huhunta. An daɗe ana zaton kuben nan busasshen yauƙi ne kawai mai hana ruwan jiki tsanewa. A shekarar 2021 wasu masana a Jami'ar New Mexico ta Amurka suka nuna cewa akwai ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta a cikinsa da ransu, suna tare ƙwayoyin cutar da ke cikin laka kafin su isa ga fata. Ashe ganuwa ce mai dakaru.

A cikin wannan hali gaiwa ba ta ci, ba ta sha, ba ta fitsari. Bugun zuciyarta na raguwa, numfashinta na jinkirta, duk ayyukan jikinta su yi ƙasa matuƙa. Amma rai ba ya tsayawa sai da makamashi, ko da kaɗan ne. To daga ina take samunsa? Hausawa sun daɗe da ba da amsa, domin sukan ce gaiwa jikinta take ci, har akan kwatanta ta da ɗan kasuwar da ciniki ya tsaya masa ya koma cin uwar kuɗinsa. Wasu na ɗauka cewa wutsiyar da ta rufe kanta da ita take gatsa. Ba haka ba ne, amma maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Jikinta ne ke narkar da abin da ta tara da damina, har da tsokar namanta, sannu a hankali. Shi ya sa gaiwar da aka haƙo a ƙarshen rani takan fito a rame.

Narkar da tsoka na haifar da wata dafin da ake kira amoniya. Kifin da ke cikin ruwa ba ya damuwa da ita, domin ruwa na wanke ta daga matatar numfashinsa nan take. Wanda ke ƙunshe a busasshiyar laka kuwa ba shi da wurin zubar da ita, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya halaka shi. Sai hantar gaiwa ta riƙa juya amoniyar tana mai da ita yuriya, wato sinadarin nan da manoma suka sani a buhun takin zamani, wanda jiki ke iya jure taruwarsa. Haka yuriya za ta yi ta taruwa a jininta wata da watanni. Da ruwan farko ya sauka ya jiƙa ƙasa, kuben ya yi laushi, sai ta yunƙura ta fito, ta zubar da abin da ta tara cikin 'yan kwanaki, ta shiga neman dodon koɗi da ƙaguwa da kwaɗi da ƙananan kifaye, tana murƙushe su da faffaɗan haƙoranta. A daji wannan kwanciya takan ɗauki tsawon rani guda ne, amma a ɗakunan bincike an ajiye irin waɗannan kifaye fiye da shekara uku a busasshiyar laka, aka zuba ruwa suka farfaɗo.

Har yanzu masana ba su gama da ita ba. A 2011 wasu masu bincike a Jami'ar Chicago sun ɗauki hotonta tana taka gindin ruwa da siraran gaɓoɓinta na baya, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tafiya da ƙafa. A 2021 kuma aka kammala karanta kundin gadon halittarta, aka tarar ya ninka na ɗan Adam fiye da sau goma.

Sauran maƙwabtanta

Gaiwa kaɗai ke da wannan dogon kwana, amma shaƙar iska ba ita kaɗai ke yi ba. Tarwaɗa na da wata gaɓa a cikin kanta, a saman matatar numfashi, mai rassa kamar ƙaramar bishiya, wadda ke tsotsar oksijin daga iskar da ta haɗiya. Da wannan ne take iya barin kududdufin da ya kusa ƙafewa cikin dare, ta ja jiki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa tana dogara ƙayoyin ƙirjinta, ta nemi wani ruwan. Da wannan ne kuma take kwana da rai a cikin daro a kasuwa. Gartsa na da huhu biyu irin nata. Tufi na da wani ɗaki na shan iska a saman maƙogwaro. Bargi da ɗan sarki, wanda wasu ke kira yauni, suna amfani da jakar iskar da ke cikinsu, wadda a sauran kifaye aikinta kawai daidaita nutso da tasowa ne. A wurinsu bangonta cike yake da jijiyoyin jini, ta zama tamkar huhu.

Akwai wata ɗabi'a ta biyu da ta haɗa da yawa daga cikinsu, ita ce gina sheƙa da gadin 'ya'ya. Wannan ma daga ƙarancin iska ta samo asali, domin ƙwan da aka watsar a taɓon fadama aka tafi shaƙewa zai yi. Namijin gaiwa yakan haƙa rami a cikin ciyawar ruwa a farkon damina, mace ta zuba ƙwai, shi kuma ya zauna yana kaɗa wutsiya domin ruwan ya riƙa motsi. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kimanin mako guda, 'ya'yan su zauna ƙarƙashin tsaronsa har kusan mako uku. Bargi na tsuge ciyawa ya yi da'ira mai faɗin kimanin mita guda kamar ƙaramin masussuki. Ɗan sarki kuwa sheƙa yake saƙawa mai yawo a kan ruwa, a zuba manyan ƙwai kimanin dubu a ciki, kuma yakan kai cizo ga duk wanda ya matso. Wani masani mai suna John Budgett ya bayyana waɗannan sheƙuna dalla-dalla bayan ya yi nazarinsu a kogin Gambiya a wajen shekarar 1900, ko da yake masuntan Afirka ta Yamma sun riga shi sanin su da ɗaruruwan shekaru.

Bofin, takwaransu na Amurka

Matsalar ruwan da ba shi da iska ba a Afirka kaɗai take ba. A gabashin Amurka ta Arewa, daga manyan tafkunan da ke kan iyakar Amurka da Kanada har zuwa fadamun kogin Misisifi, akwai wani kifi da ake kira bofin, wanda masana suka sa wa suna Amia calva tun 1766. Dogo ne, mai launin kore-kore, mai kaifin haƙori, tsawonsa kan kai mita guda idan ya riƙa ƙwarai. Yana da dogon fiffike a gadon baya wanda yake kaɗawa kamar igiyar ruwa, ya yi gaba ko ya yi baya ba tare da ya lanƙwasa jiki ba, daidai yadda ɗan sarki ke yi. Wanda ya san tufi kuwa, in ya ga hoton bofin zai ce ɗan'uwansa ne. Amma ba su haɗa dangi na kusa da ko ɗaya daga cikin kifayenmu ba. Zama cikin wahala iri ɗaya ne ya sa suka yi kama, abin da masana ilmin halittu ke yawan cin karo da shi a tsakanin halittun da ke nesa da juna. An daɗe ana ɗauka bofin iri ɗaya ne tak ya rage daga wani tsohon dangi mai yawa, sai a 2022 binciken gadon halitta ya nuna iri biyu ne.

Bofin na shaƙar iska da jakar iskarsa. A ruwa mai sanyi matatar numfashinsa ta ishe shi, amma da ruwa ya ɗumama sai tasowarsa ta yawaita. Namiji ne ke share wuri a cikin ciyayi ya yi sheƙa, ya tsare ƙwai, sa'an nan ya riƙa raka garken 'ya'yansa har su yi wayo. An sha ba da labarin manoman da suka tono shi da rai a gonakin da ambaliya ta janye daga cikinsu, amma da aka gwada shi a ɗakin bincike an ga ba ya iya dogon kwana irin na gaiwa. Kwanaki kaɗan yake jurewa.

Masu kamun kifi a can da fatsa suke nemansa. Sukan je bakin ciyayin tafki inda ruwa ba zurfi, su tsaya su ga inda ya taso ya haɗiyi iska, su jefa ƙugiya da yankan kifi ko ƙaramin kifi mai rai, su kuma ɗaura ta da zare mai ƙarfi ko waya saboda haƙoransa. Shekaru da dama Amurkawa sun raina shi. Suna cewa namansa na saurin lugwigwicewa, suna kuma zarginsa da cinye kifayen da suka fi so, don haka wanda ya kama shi yakan yar da shi a tudu ya mutu. Daga baya masana suka nuna cewa mafarauci irinsa na hana ƙananan kifaye yin yawan da za su tsumbure. A jihar Luwiziyana, inda ake cin namansa ana kuma sayar da ƙwansa da tsada, sai da hukuma ta ƙayyade tsawon da ba a yarda a kama ƙasa da shi ba. Wasu jihohin kuma na gargaɗin mata masu ciki da yara game da cinsa, domin zaiba da ta shiga ruwa takan taru a naman kifin da ke cin 'yan'uwansa kuma yake daɗewa a raye. Wannan gargaɗi ya cancanci a saurare shi a ƙasa mai arzikin zinariya irin Birnin Gwari, tun da yake da zaiba masu haƙar gargajiya da yawa ke tace zinariyarsu, kuma abin da aka wanke a bakin rafi ba ya tsayawa a nan.

Yadda numfashi ke tona asirin mai shi

Masuncin fadama bai taɓa jin sunan oksijin ba watakila, amma duk abin da aka bayyana a sama yana cikin aikinsa. Kifin da dole ne ya taso shan iska ba ya iya ɓuya. Mai mashi yakan tsaya shiru a bakin tafki da sassafe ko da tsakar rana mai zafi, ya ga inda ruwa ya yi ƙawanya, ya san girman kifin daga ƙarar haɗiyarsa, ya kuma san zai sake tasowa ba da nisa ba. Mai kafa gura ko undurutu a ruwa mara zurfi yakan bar saman tarkon a waje, domin abin da ya shiga ya sami iska ya kwana da rai; in ya nutsar da shi gaba ɗaya, mushe zai tarar da safe, kuma kifin da ya mutu a ruwan ɗumi ba ya jimawa yake lalacewa. Mai mamari, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi barkatai, yakan shimfiɗa ta a hanyoyin da tarwaɗa da gaiwa ke bi cikin ciyawa. Da damina kuma sheƙar bargi ko ta ɗan sarki a fili take ga mai ido, kuma an san mai gadin ba zai gudu ya bar ta ba.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi. Kifin da aka soke a kan sheƙarsa ba kifi ɗaya ba ne. Idan ɗan sarki ne, ƙwai kimanin dubu ne aka bari ba mai tsaro, kuma kafin yamma sauran kifaye da ƙwarin ruwa sun gama da su. Haka nan gaiwar da aka haƙo a watan Maris ita ce iri na tafkin. Da ita da 'yan'uwanta da ke kwance ne za su cika shi a watan Yuni. Haƙo ɗaya ko biyu domin miya bai taɓa ƙarar da gaiwa ba. Abin da ke ƙarar da ita shi ne a bi gindin tafki gaba ɗaya a tone, ko a mai da shi mahaƙar tubali, ko a kafa injin ban-ruwa a zuƙe shi cikin 'yan kwanaki sa'an nan a bi da garma. Noman rani alheri ne babba, ba mai musun haka, amma manomin da ya bar tsakiyar tafki, inda ruwa ke ƙafewa a ƙarshe, bai yi asarar fili mai yawa ba, kuma nan ne mafi yawan gaiwa ke kwanciya.

Mafi muni shi ne zuba guba. Tun da can akan daka magimfa ko makuba a zuba a ruwa don kifi ya bugu ya taso. Dafin magimfa ta matatar numfashi yake shiga jini, ya hana ƙwayoyin jiki amfani da oksijin. Saboda haka karfasa da kawara da duk ƙananan 'ya'yan kifi su ne ke fara mutuwa, su kuwa manyan tarwaɗa da gaiwa, waɗanda don su aka zuba, sun fi jurewa tun da suna da wata hanyar numfashi. Mai zubawa sai ya ƙara yawan dafin. Da magungunan ƙwari na zamani suka shigo, musamman Gammalin 20, ɓarnar ta ninka, domin sinadarin lindan da ke cikinsa ba ya saurin ruɓewa, yana maƙalewa a kitsen kifi ya bi shi har cikin tukunya, banda ko suya kuma ba su tabbatar da an rabu da shi. A 2009 ƙasashen duniya suka sanya lindan cikin jerin magungunan da aka amince a daina ƙerawa da amfani da su a aikin gona, ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm.

Dokar Nijeriya ba ta yi shiru ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa mai lamba 108 ta shekarar 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da wutar lantarki, ta kuma hana tarun da idonsa bai kai milimita 76 ba, sai a wasu keɓaɓɓun kamu. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 1,120, ba a kamun kifi a cikinsa sai da izinin hukumar gandun. Amma ma'aikacin gwamnati ba ya iya kwana a bakin kowane tafki, balle a yankin da shekarun rashin tsaro suka hana mutane shiga daji da yawa. Tsarin da ya fi kama jiki shi ne wanda ƙasar Hausa ta gada, inda Sarkin Ruwa ke rufe tafki ya hana su har sai kifi ya gama haihuwa ya yi girma, sa'an nan a sa rana a buɗe kowa ya shiga. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, a kan wannan ƙa'ida ya ginu: ana tsare Matan Fada tsawon shekara, ranar su kuma koma da gora kaɗai ake shiga da su.

Aikin da malami zai iya yi da ɗalibai

Wannan darasi ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. A sayo kan babbar tarwaɗa da na karfasa daga kasuwa, a ɗaga murfin kunnen kowanne a kwatanta. A kan tarwaɗa, idan aka yanka sama da matatar numfashi kaɗan, za a ga gaɓar nan mai rassa, ja wur. A kan karfasa babu ita. Ɗalibai su zana abin da suka gani.

Sa'an nan a tafasa ruwa a bar shi ya huce a cikin kwalba mai murfi, domin tafasa na korar iskar da ta narke. A zuba shi a hankali a wani bokiti, a zuba ruwan rijiya da aka kaɗa sosai a wani, a saka ƙaramar tarwaɗa mai rai a kowanne. Ɗalibai biyu su riƙe agogo su ƙirga sau nawa kowace ta taso shan iska cikin minti goma, a rubuta a allo, a tattauna dalilin bambancin. Kada a yi wannan gwaji da karfasa, domin wahalar da ita kawai za a yi.

Inda akwai tafki ko kududdufi kusa da gari, kamar gefen madatsar ruwa ta Bagoma, ana iya maimaita ƙirgar a can da izinin iyaye da na masu unguwa, sau ɗaya da hantsi, sau ɗaya da la'asar, daga kan tudu. Kada yaro ya shiga ruwan, saboda tsargiya. A roƙi wani dattijon masunci ya raka su, a bar ɗalibai su tambaye shi sunayen kifayen da yake kamawa a yau, da waɗanda yake kamawa yana saurayi amma ya daina gani, da watan da kowanne ke yin sheƙa. A rubuta amsoshinsa a littafi guda tare da kwanan wata, a ajiye a makaranta, domin 'yan ajin baɗi su sake yin tambayoyin su kwatanta.